Rijiya ko Kwalbati

Da layi ya zo kansa, ya karɓi ƙwayar gyaɗa, ya shiga bayan zana.

Bana yaƙi ya cinye kasafi. Abin da ƙaramar hukuma ta turo wa ƙauyen aiki ɗaya zai yi, aka ce su zaɓa da kansu. Ƙorai biyu aka rufe da faifai mai huda: ta dama rijiyar burtsatse, ta hagu kwalbati a rafin da ke yanke hanyar Gaya duk damina. Gidansa kaɗai ne a ƙetaren rafin, shi kaɗai ruwa ke rabawa da asibitin Gaya. A ciki ɗansa soja ke kwance tun dawowarsa daga fagen fama, da ƙafar da sai likita ya duba duk mako.

Amma ya san matan da ke fita da jarka tun asuba, su dawo rana tsaka. Ya jefa, ya fito bai kalli kowa ba.

Mai unguwa ya cicciɓi ƙwaryar hagu da hannu biyu, ya juye, gyaɗa ta yi tuli. Da ya kife ta dama, gyaɗa ɗaya tak ta gangaro kan tabarma.

"Malam, kai ne mai taurin kan nan ko?" in ji wata tsohuwa. "Mu ke ɗaukar jarkar, ba kai ba. Shekara talatin muna yi, ɗaya ce za ta gagare mu? Yaro dai ya je asibiti."

Ya durƙusa gaban tulin gyaɗar, bakinsa na motsi, tasbihi kawai ke fita.