Gyatsar Shanun Baba

Baba ya tare ƙofar garke da sandarsa. "Ba mai zuba wa shanuna garin ciyawar tekun nan."

"Baba, iskar gyatsarsu tana ƙara ɗumama duniya," in ji 'yarsa. "Wannan zai rage ta."

"Yanzu zafin duniya ma saniya za a ɗora wa?"

Ko gezau ba ta yi ba. Bara rijiyarsu ta ƙafe, maruƙa biyu suka mutu a hannunta. Ta kuma san dokar Baba: abin da bai ɗanɗana ba, shanunsa ba sa ci. Ta ɗebi garin ta afa, ta haɗiye tana kallonsa.

Baba ya jingine sandar, ya miƙo tafin hannunsa.

"Ke me kika sani game da bakin shanu? Zubo nan."