Kiɗan Sallama

Tsohuwar mai bori da na gayyato gidana a Tawa ta dafe ƙirji da jin gogen da ke fita daga rikodata.

"Yaro, sau nawa ka kunna wanga?"

"Kullum, Inna. Bincike nake kan yadda kiɗa ke warkar da ciwo. A Affala na ɗauka, kafin makaɗin ya rasu."

"Wanga kiɗan kiran iskoki ne. Ina na sallama?"

Ranar da na ɗauka, zaren rikodar ya ƙare kafin makaɗin ya kai ga kiɗan sallama.

"To, wanda ka kira bai tafi ba. Wa ke gidan ga?"

Daga ɗaki matata ta amsa, da muryar wani tsoho.