Kaset Ɗin Baba

"Sai ki zaɓi ɗaya, 'yar'uwa," in ji mai shagon, yana ajiye ƙananan na'urori biyu kusa da kwamfutarsa. "Kaset ɗin nan naki ya tsufa, sau ɗaya zai jure a juye shi. Wannan tana fitar da hoto garau, sai dai tana cinye sauti. Waccan kuwa sauti raɗau, hoto dishi-dishi."

"Ta biyun nake so," ta ce.

"Haba! Kowa hoto yake bi. Ba kya son ganin fuskoki?"

"Saka dai, malam."

Ya haɗa wayoyi, ya danna. A allon kwamfutar, wata 'yar yarinya ta bayyana a tsakar gida, tana tangaɗi tana koyon tafiya.

"Ke ce wannan? To ina mahaifin naki, marigayin da kika zo dominsa?"

Ta jawo kujerarta dab da lasifika. Muryar namiji ta cika shagon, dariya na shaƙe ta: "Taho, uwata, taho wurin Baba! Saura taku biyu."

Ta goge ido da bakin mayafi.

"Ba ya cikin hoton," ta ce a hankali. "Shi ke riƙe da kyamarar."