Takardar da Ta Makara da Kwana Biyu

Malam Zakiru yana ɗaga bandiran shadda don ya ciro wa wata mata mai ruwan toka, sai ga ambulan a kwance a ƙarƙashinsu, ko buɗe shi ba a yi ba. Ya gane rubutun Kamila a bayansa. Ya dubi kalandar bango, ya ƙirga da yatsa, ya sake ƙirgawa. Saura kwana ashirin da takwas a yi babban taro.

Shekararsa goma sha tara yana sakataren ƙungiyar 'yan kasuwa Hausawa ta unguwar Lalala a ƙasar Gabon, don haka ya haddace dokar. Duk mai son a gyara kundin ƙungiya sai ya ba sakatare takarda, shi kuma ya kai ta buro, wato ofishin ƙungiya, a buga mata hatimi tun saura kwana talatin a yi taro. Wadda ta makara sai ta jira baɗi. Wadda aka kaɗa wa ƙuri'a ta faɗi kuwa, ba a sake tayar da ita sai bayan shekara biyar.

Abu ɗaya takardar Kamila take nema: 'ya'yan da aka haifa a Gabon su ma su riƙa jefa ƙuri'a. Su ne ke yi wa iyayensu tafinta a ofisoshi, su ke cike musu takardun zama, su ke zirga-zirga in an yi rasuwa, amma ranar taro a bayan rumfa suke tsayawa. Kamila 'yar amininsa ce, marigayi Maitama, tana aiki a wani kantin magani a unguwar Plaine Orety. Wata huɗu ta yi tana bin dattawa shago-shago da ɗan littafinta, tana rubuta wanda ya yarda da wanda ya ƙi.

Ya tuna ranar da ta kawo ambulan ɗin. Ya sa shi a jakar takardun ƙungiya, ya bar mata jiran shago, ya tafi sallar la'asar. Ranar Juma'a ya kai jakar buro, aka bi abin da ke ciki da hatimi ana ta hira, bai duba ba. Ko dai bai sa shi a jakar ba ne tun farko? Tun da hawan jini ya kwantar da shi bara yake neman tabarau alhali yana fuskarsa.

Makullin buro yana aljihunsa. Zai iya mayar da kwanan hatimin baya, babu mai sani. Ya shiga taksi da wannan tunanin, amma da aka zo mararraba sai ya ce a wuce da shi Plaine Orety.

Kamila ta saurare shi a ƙofar kantin, kanta a sunkuye. Da ya ambaci maganar hatimin ta yi saurin cewa kada ya fara, ba za ta so ya ɓata sunansa ba.

"Baba, ba komai," in ji ta. "Allah ya kai mu baɗi."

Ranar taro ya miƙe a gaban shugaba Alhaji Abdulwadud da jama'a, ya ce shi ya yi sakaci da amana, ya ajiye makulli a kan tebur. Samarin da ke bayan rumfa ba su yarda mantuwa ba ce. Aka ce dattawa ne suka haɗa baki da shi. Yaran da ya halarci sunansu suka riƙa tsallaka titi in sun hango shi, iyayensu mata suka koma sayen shadda a wani shagon.

Kamila kaɗai ke zuwa. Kowace Asabar tana tafe da kwanon abinci da na'urar awon jini. Duk lokacin da ya fara ba ta haƙuri sai ta tashi ta kama gyara masa kaya. Wannan kirkin ya fi zagin samarin yi masa ciwo.

A hankali ya daina yarda da kansa. Yakan kulle shago ya dawo sau biyu ya taɓa kwaɗon. Kafin shekara ta zagayo ya miƙa wa wani ɗan'uwansa shagon, ya ce wanda hankalinsa ya fara gudu gara ya koma Gumel tun yana gane hanya.

A taron da ya biyo baya takardar ta wuce, arba'in da ɗaya a kan talatin da shida. Sati guda bayan nan Kamila ta raka shi filin jirgi, ana yayyafi.

"'Yata, na ci miki shekara guda," ya ce. "Ban san da wace fuska zan tarar da Maitama ba. Ki yafe mini."

Aka kira fasinjoji. Ta ce ta yafe, muryarta ba ta fita sosai, ya ja jakarsa ya shiga layi.

A taksin komawa ta kifa kai a kan gwiwa, har direba ya tambaya ko rasuwa aka yi mata. Bara, a ranar da ta kai takardar, littafinta ya nuna mata za su faɗi da ƙuri'a bakwai, kuma faɗuwa na nufin shekara biyar. Janyewa kuwa ba za ta iya ba, samarin ba za su sake bin ta ba. Shi ya sa yana fita sallar la'asar ta zare ambulan ɗin daga jakarsa, ta tura shi ƙarƙashin shadda da hannunta.