Kakannin Temirbek Bakwai

Temirbek ya yanka rago, ya tara surukai, sai ga kiran gidan talabijin. A nan Naryn, ƙasar Kirgizistan, kowane namiji ya san kakanninsa bakwai, shi kuwa har ya aika nasa shirin tarihin iyali.

Ya ƙure muryar wayar don kowa ya ji.

"Mun gano ukun ƙarshen," in ji matar, "a rajistar dawakin gonar gwamnati."

Mahaifiyarsa ta kurɓi shayi.

"Babanka maraya ne, huɗu ya sani. Da ya zo neman aurena, ya cike da sunayen dawakin da yake kiwo."

"Inna, har jarumi Karaboz da na sa wa ɗana sunansa?"

"Wannan ma goɗiya ce."