Abin da Aka Tsinta a Jakar Keke

"Wiebe, sauke allon nan kafin ka kashe wa wani aure!" in ji Henk mai burodi, maƙwabcinsa.

Wiebe mai gyaran keke ko kallonsa bai yi ba. Wata uku ko ƙuda bai leƙo shagonsa ba, shi ya sa ya rubuta a ƙofa: NA TSINCI WANI ABU A JAKAR KEKEN WATA MATAR AURE. SHIGO KA JI.

Kafin rana ta take, rabin unguwa sun kawo gyara. Maza na tambaya da ƙarfi, mata na raɗa. Kowa ya tafi da sabuwar taya, amsa kuwa sai gobe.

Henk ya matso yana gumi. "Wai me ka tsinta ne?"

Wiebe ya tuntsire da dariya. "Ko allura! Talla ce, sakarai."

Sai ga matarsa Marijke ta shigo, idanu jajur.

"Tunda ka ga wasiƙun, Wiebe, sai ka tara mana gari? Henk, gaya masa kawai."

Wiebe ya waiwaya. Tuni Henk ya haye keken da ba a gyara wa birki ba.