Kusa da Yaya a Sahu

"Dube shi, likita," in ji yayan, yana nuna ƙaninsa da leɓe. "Yawu har ƙirji, hannu sai rawa, barci tun hantsi. Ƙwaya ya koma sha, ɗan banza."

Tun daga garin Kibiya yayan yake tsaki a mota. Shekara bakwai yana jigilar wannan gaula mai jin muryoyi zuwa karɓar maganin taɓin hankali, ga sakayyar da ya samu. Jiya ma a kasuwa, gaban masu awon dawa, sai da ya sharara masa mari.

Likita ya juya wajen mara lafiyar. Ya dube shi. "Malam, ka daina shan taba ne?"

Ya gyaɗa kai.

"To, shi ne. Taba na rage ƙarfin maganin nan a jiki. Da ka bari, sai ya yi maka yawa. Ragewa za mu yi. Yaushe ka daina?"

Ƙanin ya goge baki da hannun riga.

"Sati uku. Yaya ne ya ce in na daina wari, zai bar ni in tsaya kusa da shi a sallah."